Awon Shaƙuwar Jariri da Uwarsa: Ina Gaskiyar Mizanin, Ina Iyakarsa?

Babu mai hankalin da zai yi jayayya a kan cewa jariri yana shaƙuwa da mai renonsa, domin abu ne da ido ke gani a kowane gida, tun daga fadar sarki har bukkar makiyayi: yaro ya kai wata bakwai ko takwas sai ya soma ƙiwa, ya ƙi hannun baƙo, ya riƙa bin uwarsa da kallo duk inda ta nufa, in ta ɓace masa ya ɓarke da kuka, in ta dawo ya lafe a jikinta. Abin da ya cancanci bahasi shi ne da'awar masana halayyar ɗan Adam cewa sun sami mizanin auna wannan shaƙuwa, har su raba jarirai aji huɗu, su ce wannan ya sami natsuwa a wurin uwarsa, wancan kuwa bai samu ba, duk a cikin kimanin minti 20. Da yake wannan ilmi ya shiga littattafan da ɗalibanmu ke karantawa a jami'o'i da kwalejojin horon malamai da makarantun aikin jinya, sunayen azuzuwan kuma sun fara yawo a bakin matasa a Facebook, wajibi ne mu dubi mizanin da idon basira da adalci, mu san inda ya faɗi gaskiya, mu kuma san inda ƙarfinsa ya ƙare.

Asalin mas'alar yana komawa ga wani likitan Ingila mai suna John Bowlby, wanda ya yi aiki da yara masu matsalar ɗabi'a a birnin Landan. A shekarar 1944 ya wallafa nazarin da ya yi a kan yara 44 da aka kama da sata, inda ya lura cewa waɗanda zukatansu suka fi bushewa a cikinsu, galibinsu an raba su da iyayensu mata na tsawon lokaci tun suna ƙanana. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Turai ta cika da marayu da yaran da suka rasa matsuguni, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora masa alhakin rubuta rahoto a kan halinsu, rahoton ya fito a 1951. Ra'ayin da ya rinjaya tsakanin masana a wancan zamani shi ne cewa jariri yana son uwarsa ne saboda nonon da take ba shi, Bowlby kuwa ya tsaya a kan cewa neman kusanci da mai kariya fiɗira ce mai zaman kanta, wadda aka halicci yaro da ita domin tsira daga haɗari. Ya sami hujja daga Harry Harlow na Amurka, wanda a 1958 ya nuna cewa 'ya'yan birai suna wuni maƙale da mutum-mutumin uwa mai laushi da aka lulluɓe da ƙyalle, alhali madarar tana jikin wata da aka yi da waya.

Amma wadda ta mayar da wannan ra'ayi abin da ake iya gani da ido a rubuta, wata mace ce, Mary Ainsworth, wadda ta yi karatu a Kanada, ta yi aiki tare da Bowlby a Landan, sa'an nan ta bi mijinta zuwa Yuganda a 1954. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin sau da yawa akan manta da shi: a ƙasar Afirka aka fara zama ana lura da shaƙuwar jarirai a ilmance. Niyyarta ta farko ita ce ta ga yadda yaran ƙabilar Ganda ke yi in an kai su wurin kakanninsu lokacin yaye, sai ta tarar al'adar ta soma gushewa, don haka ta koma ga lura da rayuwar yau da kullum. Ta riƙa ziyartar gidaje 26 a ƙauyukan kewayen Kampala, tare da tafinta, duk bayan mako biyu, tana zama sa'a biyu a kowane gida, har tsawon watanni tara. A nan ta ga abin da ya zama ginshiƙin ilmin gaba ɗaya: yaron da ya amince da uwarsa yakan rarrafa ya tafi binciken duniyarsa, ya riƙa waiwayowa yana tabbatar tana nan, in wani abu ya firgita shi ya sheƙo gare ta, in hankalinsa ya kwanta ya sake fita. Littafinta a kan wannan aiki ya fito a 1967.

Da ta koma Amurka, Jami'ar Johns Hopkins da ke birnin Baltimo, sai ta maimaita aikin a wasu gidaje 26 na Turawa masu matsakaicin hali, ita da mataimakanta suna zuwa duk bayan mako uku, suna yin sa'a huɗu a kowace ziyara, har aka tara kimanin sa'a 72 a kan kowane yaro cikin shekararsa ta farko. Sai dai ta tarar da wani bambanci: jariran Baltimo sun saba ganin uwa ta shiga wani ɗaki ta fito, ba su cika firgita a gidajensu ba, saboda haka alamomin da suka bayyana ƙarara a Yuganda ba su fito sosai a can ba. Wannan ne dalilin da ya sa ta ƙirƙiro wani gwaji da za a yi a jami'a, wanda zai ɗan ɗaga hankalin yaron Amurka daidai gwargwado, domin abin da ke ɓoye ya fito fili. Shi ne ake kira gwajin baƙon wuri, aka fara bayyana shi a rubuce a 1969, cikakken bayaninsa kuma ya fito a 1978, bisa jarirai 106. Tun daga tushe ke nan an yanka gwajin daidai da yaran wani gari, masu wata irin tarbiyya, kuma mai shi ba ta ɓoye wannan ba.

Ga yadda ake yinsa. Akan kawo yaro ɗan shekara ɗaya zuwa shekara ɗaya da rabi tare da uwarsa, a shigar da su wani ɗaki da bai taɓa gani ba, mai kujeru da kayan wasa a ƙasa, masu bincike kuwa suna bayan wani gilashi da ake hangen na ciki ta cikinsa, na ciki ba ya ganin na waje. Gwajin yana da gaɓa takwas, ta farko rabin minti ce ta gabatarwa, sauran kowacce minti uku. Uwa da ɗa sukan zauna su kaɗai, sa'an nan wata baƙuwa ta shigo, ta yi shiru, ta yi wa uwar magana, ta matso kusa da yaron. Uwar sai ta zame ta fita, ta bar shi da baƙuwar. Ta dawo, baƙuwar ta fita. Uwar ta sake fita, a wannan karon yaron shi kaɗai ne a ɗakin. Baƙuwar ta shigo ta yi ƙoƙarin rarrashinsa. A ƙarshe uwar ta dawo ta ɗauke shi. Idan kuka ya yi tsanani akan gajarta gaɓar rabuwa. Mutane da yawa suna zaton yawan kukan yaro lokacin da uwar ta fita shi ake aunawa, alhali abin da masu awo suka fi zuba wa ido shi ne lokacin dawowarta: shin ya nemi kusanci, ya riƙe ta, ya kau da kai, ko ya ture ta?

A kan waɗannan alamomi aka gina azuzuwan. Akwai mai natsuwa, wanda ko ya yi kuka ko bai yi ba, da ganin uwarsa zai tarbe ta, in ta ɗauke shi hankalinsa ya kwanta, ba da jimawa ba ya koma wasansa. Su ne kashi 66 cikin ɗari na jariran farko. Akwai mai kau da kai, wanda uwar za ta shigo ya ci gaba da juya abin wasansa kamar bai gan ta ba, su ne kashi 22. Akwai mai turjiya, wanda zai miƙa hannu a ɗauke shi, in an ɗauke shi ya banƙare yana ture ƙirjin uwar cikin fushi, rarrashi ba ya shigarsa, su ne kashi 12. Daga baya, a 1986, Mary Main da Judith Solomon suka ƙara aji na huɗu, mai ruɗewa, domin yaran da ke nuna alamomi masu karo da juna: ya nufi uwar sai ya sandare a tsakiyar ɗaki, ko ya tunkare ta fuskarsa na kallon wani gefe, ko tsoronta ya bayyana a fuskarsa.

Adalci ya wajabta mu fara da faɗin alherin wannan aiki, kuma alherinsa ba kaɗan ba ne. Na farko, an ɗora shi ne a kan doguwar lura a cikin gidaje, kuma abin da aka gani a ɗakin gwaji ya dace da abin da aka rubuta a gida: yaran da iyayensu mata suka saba amsa kukansu da wuri a watannin farko, su ne galibi suka fito masu natsuwa. Na biyu, ya tona wani abu da idon gama-gari ba ya gani. Yaron nan mai kau da kai, wanda za a iya yaba masa da jarunta, da aka auna bugun zuciyar irinsa a binciken Alan Sroufe da Everett Waters a 1977, sai aka tarar zuciyar na bugawa da sauri lokacin rabuwa, wato damuwar tana nan, ɓoye ta kawai ya koya. Na uku, binciken da aka fara a Jami'ar Minesota a 1975, wanda ya bi yara tun daga haihuwa har suka girma, ya nuna cewa waɗanda suka fito masu natsuwa suna jarirai sun fi sauran iya zama da tsara da dogaro da kai a makaranta, a bisa galibi. Duk wanda ya ce gwajin shirme ne bai yi wa ilmi adalci ba.

Amma illa ta farko ta bayyana tun lokacin da gwajin ya ƙetare teku. A garin Bielefeld na arewacin Jamus, Klaus Grossmann da Karin Grossmann sun sami kusan rabin jariran da suka gwada a ajin masu kau da kai, a wurin da iyaye ke ƙoƙarin koya wa yaro tsayawa da ƙafarsa tun da wuri. A Sapporo ta Japan kuwa, Keiko Takahashi ta gwada jarirai 60 a 1986, ba ta sami mai kau da kai ko ɗaya ba, amma kashi 32 cikin ɗari suka faɗa ajin masu turjiya, kuma sai da aka katse gaɓar barin yaro shi kaɗai ga mafi yawansu saboda tsananin kuka, domin yara ne da kusan ba a taɓa barinsu su kaɗai ba tun da aka haife su. Sharaɗin ingancin gwajin shi ne firgitar ta zama matsakaiciya. Idan ta yi wa wani yaro kaɗan saboda ya saba, ta yi wa wani yawa har ya fita hayyacinsa saboda bai taɓa gani ba, to ba abu ɗaya aka yi musu ba, ko da agogo ya nuna minti uku-uku ga kowannensu. Mudun Kano da mudun wata kasuwa duk mudu ake kiransu, amma wanda ya saya da ɗaya ya sayar da ɗaya ba tare da ya gwada su ba, ko dai ya cuci kansa ko ya cuci abokin cinikinsa.

Masu kare gwajin suna da amsa, kuma amsa ce mai nauyi. A 1988 wasu masana biyu na ƙasar Holan, Marinus van IJzendoorn da Pieter Kroonenberg, suka tattara sakamakon rukunin jarirai 32 daga ƙasashe takwas, kusan jarirai 2,000, suka tarar ajin masu natsuwa shi ya fi yawa a kowace ƙasa, bambancin da ke tsakanin rukuni da rukuni a cikin ƙasa ɗaya kuma ya fi wanda ke tsakanin ƙasa da ƙasa. A kusa da mu, cikin ƙabilar Dogon ta ƙasar Mali, Mary True da abokan aikinta sun gwada jarirai 42, sakamakon ya fito a 2001: kashi 67 masu natsuwa, kashi 8 masu turjiya, kashi 25 masu ruɗewa, mai kau da kai babu ko ɗaya, a wurin da yaro ke jikin uwa dare da rana, nono kuma ba a hana shi duk sa'ad da ya nema. Wannan yana ƙarfafa cewa asalin shaƙuwa gadon 'yan Adam ne baki ɗaya. Sai dai waɗannan ƙasashe takwas na 1988 babu ta Afirka a cikinsu, fiye da rabin rukunan kuma daga Amurka suke, saboda haka ijma'in da ake ambata ijma'i ne na wani yanki na duniya.

Illa ta biyu ta shafi alamomin kansu, domin murna da amincewa ba fuska ɗaya suke fitowa da ita a ko'ina ba. Ainsworth da kanta ta lura cewa jariran Ganda sukan tarbi uwa da tafi, na Amurka kuwa da runguma. A ƙabilar Gusii ta Kenya, inda ake koya wa yaro gaisuwa da hannu tun yana ƙarami, masu binciken da suka yi aiki a can, waɗanda suka wallafa sakamakonsu a 1986, sai da suka gyara tsarin awo, suka ɗauki miƙa hannu a matsayin alamar tarba. A cikin manoman Nso na arewa maso yammacin Kamaru, Heidi Keller da Hiltrud Otto sun ga yara 'yan shekara ɗaya da yawa da baƙuwa za ta ɗauka ba su nuna firgita ba, domin iyayensu suna ganin yaro mai sanyin hali, mai zuwa hannun kowa, shi ne ya sami tarbiyya. Wanda ya zo da takardar awo daga Baltimo, bai san abin da mutanen wurin ke nufi da yaron kirki ba, yana iya rubuta abin da suka sha wahala suka koyar a matsayin cuta.

Ƙasar Hausa ma ba a bar ta a baya ba a wannan bincike, ko da yake kaɗan daga cikinmu suka sani. A 1977 Robert Marvin da abokan aikinsa, cikinsu har da Robert LeVine da Sarah LeVine, suka wallafa nazarin da aka yi a kan jarirai 18, masu wata 6 zuwa 14, a wani gari na Hausawa a arewacin Nijeriya. Zama suka yi a cikin gidaje suna lura, ba su kai kowa ɗakin gwaji ba. Sun tarar kowane jariri yana da masu renonsa kimanin huɗu, yana kuma nuna shaƙuwa ga fiye da mutum ɗaya, amma duk da haka akwai guda da ya fi nema in ransa ya ɓaci, wadda galibi ita ce ta fi kowa ɗaukarsa da yi masa wasa, kuma ba lalle ne ta zama mahaifiyarsa ba. Sun kuma lura cewa ba a barin jariri ya rarrafa ya yi nisa shi kaɗai, saboda haɗarin da ke tsakar gida, don haka bincikensa na duniya da hannu yake yinsa, yana zaune kusa da mai renonsa. Wannan ƙaramin nazari ya tabbatar da rabin maganar Bowlby, ya kuma gyara rabinta.

Mai karatu ya dubi gidan da ya tashi a ciki zai ga abin da ake nufi. Da safe uwa ta shayar da yaro ta miƙa wa kakarsa domin ta ɗora tukunya. Hantsi ya yi, 'yar kishiyarta ta goya shi ta fita da shi ƙofar gida. In ya yi rigima goggonsa ta karɓe shi ta jijjiga. Da dare ya koma ƙirjin uwa. Wa za a kai ɗakin gwaji a cikin waɗannan? Idan kuma ɗan fari ne, mas'alar ta ƙara zurfi, domin uwar tana jin kunyarsa, ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wata ko kallonsa ba ta cika yi ba in akwai baƙo, alhali ita ce ke farkawa tsakar dare in ya motsa. Gwajin kuwa yana bukatar uwa ta tsaya a bakin ƙofa ta yi wa yaro magana, ta tarbe shi, ta rarrashe shi, tana sane cewa baƙi na kallonta ta bayan gilashi. Yarinyar da aka yi wa tarbiyyar alkunya ba za ta yi a wannan ɗaki abin da take yi a ɗakinta ba, yaron kuma zai amsa abin da ya gani ne a wurin.

Illa ta uku ba ta da alaƙa da al'ada, daga cikin ilmin kanta take. Abin da gwajin ke aunawa dangantaka ce tsakanin mutum biyu a wani lokaci, shi ya sa yaro ɗaya yake iya fitowa mai natsuwa da uwarsa, marar natsuwa da ubansa, ko akasin haka. Dangantakar kuma tana sauyawa. Everett Waters ya tarar a 1978 cewa jarirai 48 cikin 50 na gidaje masu kwanciyar hankali ba su sauya aji ba tsakanin wata 12 da wata 18, amma da aka yi irin wannan a gidajen talakawa na Minesota, kimanin kashi 62 ne kawai suka zauna a ajinsu, sauran suka sauya bisa sauyin halin da iyayensu mata suka shiga, na ƙunci ko na sauƙi. Haka nan, da aka tattara bincike 66 a 1997, an tarar alaƙar da ke tsakanin kulawar uwa da natsuwar yaro tabbatacciya ce amma matsakaiciya, ba ta kai ƙarfin da aka gani a gidajen Baltimo ba. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya daɗe yana tunatar da cewa wasu yara da saurin firgita aka haife su. Ɗora wa uwa kaɗai laifin duk abin da aka gani a minti 20 zalunci ne.

Malamanmu na usulu sun bambanta tsakanin dalili yankakke da dalilin zato, suka kuma hana a ba wa na biyu matsayin na farko. Wannan gwaji, a mafi kyawun halinsa, dalilin zato ne mai rinjaye a kan jama'a masu yawa, wanda bai isa a yanke hukunci da shi a kan yaro guda ba, kuma manyan masanan fannin da kansu sun faɗi haka. Da suka ga ma'aikatan jin daɗin jama'a a wasu ƙasashen Turai sun fara ɗaukar alamar ruɗewa a matsayin shaidar cewa ana cutar da yaro a gida, sai masana kimanin 40 suka fitar da matsaya ta bai-ɗaya a 2017, suka bayyana cewa ruɗewa tana da sabubba da yawa, ana samunta ga kimanin kashi 15 na yaran gidajen da babu wata cutarwa a cikinsu, kuma ba hujja ba ce ta raba yaro da iyayensa. A 2021 wasu masana 70 suka sake jan kunnen kotunan iyali a kan haka. Idan masu abu sun yi wannan taka-tsantsan, alhali ba a amince wa mutum ya yi awon ba sai ya sami horo na musamman ya ci jarrabawa, ina hujjar wanda ya karanta shafi biyu ya fara liƙa wa 'ya'yan mutane sunaye?

Sai dai ina gargaɗin kaina da 'yan'uwana kada mu mayar da waɗannan illoli mafaka, mu ce ai ilmin Turawa ne, mu juya baya. Jigon maganar bai rushe ba: yaro ƙarami yana bukatar mutum ɗaya ko 'yan kaɗan tabbatattu, waɗanda ba sa ɓace masa, kuma yanke wannan igiya farat ɗaya yana yi masa ciwo. Shari'armu ta riga ta tsaya a kan wannan maslaha. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, mazhabar Malikiyya kuma, kamar yadda yake a Risala da Mukhtasar da ake karantawa a zaurukanmu, ta ba uwa haƙƙin hadana, wato riƙon yaro, bayan rabuwar aure, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, in uwar ta sami uzuri haƙƙin ya koma ga mahaifiyarta, sa'an nan 'yar'uwarta. Amma sau nawa muke ganin an saki mace, an ƙwace yaro ɗan shekara biyu daga bayanta domin huce haushi, an miƙa wa wadda bai sani ba? Sau nawa ake yaye yaro a wuni ɗaya, a kai shi garin da bai taɓa zuwa ba, wurin kakar da bai saba da ita ba? Yaye a hannun kakar da ke cikin gida, wadda ta goya shi tun yana jariri, daban yake da wannan. Ga kuma dubban jarirai a sansanonin 'yan gudun hijira na Barno da Zamfara da Diffa, waɗanda iyayensu mata ke ɗauke da firgicin da ba su sami mai sauke musu ba.

Abin da nake ganin ya dace da jami'o'inmu, daga Zariya da Kano da Sakkwato har Yamai da Damagaram, shi ne su fara daga inda Ainsworth ta fara, wato zaman haƙuri a tsakar gida, kafin su yi gaggawar gina ɗaki mai gilashi. A horar da 'yan mata ɗalibai, waɗanda za su iya shiga gidajen kulle su ji harshen matan, su zauna watanni suna rubuta wa ke ɗaukar yaro, wa yake nema in ya faɗi, me tsofaffi ke kira yaro mai lafiyar zuciya, yaya alkunya take a gaban mutane, yaya take in an rufe ƙofa. Akwai ma hanyar awo da Everett Waters ya tsara a shekarun 1980, mai kati 90 da ake jerawa bayan an daɗe ana lura da yaro a gidansu, wadda ta fi kusa da yanayinmu, ko da yake ita ma sai an tace ta. Bayan wannan ne za a san irin firgitar da ta yi daidai da yaron Bahaushe, da mutanen da ya kamata a gwada shi da su. Nazarin jarirai 18 da aka wallafa a 1977 bai kamata ya ci gaba da wakiltar al'umma mai miliyoyin mutane ba.

Ku kuma iyaye, maza da mata, kada wani ya tayar muku da hankali da sunayen azuzuwan da bai san sharuɗɗansu ba, kuma kada ƙiwar yaro ko rashinta ta sa ku yanke wa kanku hukunci. Fa'idar da ta tabbata daga wannan bincike na shekaru fiye da 60 kaɗan ce a lafazi, mai yawa a aiki: a amsa kukan jariri, a bar shi da hannuwan da ya saba da su, in rabuwa ta zama dole a yi ta a hankali, a kuma sauƙaƙa wa uwa nauyin da ke kanta domin ta sami zuciyar reno. Alƙalai da masu unguwanni da dattawan da ake kai wa ƙarar aure su tuna cewa hadana an shar'anta ta ne domin maslahar yaro, don haka kada a mayar da shi makamin ramuwa tsakanin manya. Amana ce Allah Ya damƙa mana, kuma za a tambaye mu a kanta.